Tsakanin Kafson Kemis, Kwalbar Birni da Tuwon Dawa

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce, ina zaune a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim a jihar Jigawa, gida ɗaya da iyayen maigidana. Baba, wato mahaifinsa, ya haura shekara 70, kuma hunturu biyu ke nan a jere murar da ke zagaya gidanmu ta kama yara da manya ta sake su cikin mako guda, amma shi idan ta kama shi sai ta sauka masa a ƙirji. Bara sai da aka kwantar da shi a asibiti kwana 5. Maigidana da zarar ya ji Baba ya fara atishawa sai ya tafi kemis ya sayo kafso, a ba shi na kwana biyu ko uku, idan ya ji dama-dama a bari. Ƙaninsa da ke aiki a Kano, Allah ya saka masa da alheri, shi ke aiko da shinkafa da taliya da madarar gwangwani da sukari da kuɗin burodi, har ta kai Baba ya kusa daina cin tuwo, kuma yakan yi kwana uku bai zaga bayan gida ba. Kwanan nan ƙanin ya ga wani bidiyo a WhatsApp da ke cewa wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin hanji su ne ke sa mura ta yi tsanani ko ta zo da sauƙi, ya ce a haɗa naira 40,000 a sayi wata kwalbar magani mai gyara hanji. Ni kuma na ce wa maigidana da an mayar da Baba kan tuwon dawa da miyar kuka da wake da ya fi. Maganar ta kai kunnen Inna, ta ce rowa nake yi wa tsoho, ina ƙyashin abin da ɗansa ke aiko masa, kuma tun daga ranar ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska. Shin maganar hanjin nan gaskiya ce? Mu sayi maganin? Ko ni ce na yi kuskure?

'Yar uwarku daga Ringim

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya, ya kuma saka miki da jinyar da kike yi, domin wadda ta san kwana nawa tsoho ya yi bai zaga ba, ita ce ke tsaye a kansa da gaske, kuma ba a kiran irin wannan marowaciya. Na san kalmar ta yi miki zafi, musamman da ta fito daga bakin wadda ba ki da damar mayar mata da amsa. Zan dawo kan Inna, amma bari mu fara da tambayarki ta farko, tunda a kanta sauran suka rataya.

Bidiyon da ƙanin mijinki ya gani bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. A cikin babban hanjin kowane mutum akwai ƙwayoyin bakteriya masu ɗimbin yawa, waɗanda wani lissafi da aka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa a jikin babban mutum sun kai kimanin tiriliyan 38, wato kusan daidai da yawan ƙwayoyin halittar jikinsa shi kansa. Mafi yawansu ba cuta suke kawowa ba, zaman amana suke yi da mu, kuma abincinsu shi ne ɓangaren tsirrai da cikinmu ba ya iya narkarwa, wanda likitoci ke kira faiba, irin wanda ke cikin dusar hatsi da ɓawon wake da ganyaye. Idan suka samu wannan abinci suka ruɓar da shi, sukan fitar da wasu sinadarai masu ɗan tsami da ke ciyar da bangon hanji, sauran kuma su shiga jini su isa har ɓargo da huhu, inda suke taimakawa wajen daidaita garkuwar jiki. Wannan daidaitawar ita ce muhimmiya, saboda a mura mai tsanani ba ƙwayar bairos kaɗai ke lalata huhu ba, sau da yawa garkuwar jikin ce ke wuce gona da iri wajen yaƙi, ta haddasa kumburi har numfashi ya gagara.

An fara ganin alaƙar a jikin ɓerayen gwaji. A 2011 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun nuna cewa ɓerayen da aka ɗura wa magungunan kashe bakteriya har hanjinsu ya tsiyace sun kasa tayar da garkuwa yadda ya kamata lokacin da aka sa musu ƙwayar infuluwenza, wato wata irin mura mai tsanani. A 2018 kuma wasu masana a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan suka ga cewa ɓerayen da aka ciyar da abinci mai yawan faiba sun fi tsira daga wannan cuta, huhunsu bai lalace sosai ba, ƙwayoyin jininsu masu farautar bairos kuma sun fi kuzari. Da cutar korona ta zo sai aka duba mutane. Wani bincike da aka wallafa a 2021 kan majinyata 100 a Hong Kong ya gano cewa waɗanda cutar ta fi tsananta a kansu sun fi ƙarancin wasu bakteriya masu amfani a hanji. Wani kuma, shi ma na 2021, wanda ya bi mutum fiye da 590,000 a Amurka da Birtaniya, ya nuna cewa waɗanda abincinsu ya fi yawan hatsi maras surfe da ganye da kayan marmari, haɗarin korona mai tsanani ya ragu a cikinsu da kashi 41 cikin ɗari idan aka kwatanta da waɗanda abincinsu ya fi lalacewa.

Sai dai akwai abin da masu sayar da kwalba ba sa faɗa. Ɓera ba mutum ba ne, kuma binciken da aka yi a kan mutane ya nuna abubuwa biyu suna tafiya tare ne kawai, bai tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Ciwo mai tsanani shi kansa yana hargitsa hanji, haka ma magungunan da ake ba majinyaci a gadon asibiti, sannan mai cin abinci mai kyau yakan kasance mai wasu halaye na kula da lafiya. Saboda haka cewa hanji shi ne ke yanke hukuncin tsananin mura, wannan ƙari ne. Yana da hannu a ciki, amma shekaru da ciwon sukari da ciwon zuciya da tsohon ciwon huhu sun fi shi nauyi nesa ba kusa ba.

Akwai wani bincike da nake so ki riƙe, domin kamar a tsakar gidanku aka yi shi. A 2010 masana daga Italiya sun kwatanta hanjin yara 14 na wani ƙauye a Burkina Faso da na yara 15 na birnin Fulorens. Abincin yaran ƙauyen shi ne gero da dawa da wake da ganyaye, wato abin da ke cikin rumbunku. Aka tarar hanjinsu ya fi na yaran Turai wadatar nau'o'in bakteriya, ya fi yawan masu narkar da faiba, sinadaran nan masu amfani kuma sun fi yawa a bayan gidansu. Duk lokacin da na tuna wannan bincike sai in tuna yadda ake surfe a gidajenmu: a yayyafa wa dawa ruwa a turmi, mata biyu su yi ta luguden taɓarya har ƙwayar ta yi fari tas, a juye a faifai a bakace, sannan a kwashi dusar nan mai laushi a jiƙa wa tunkiya. Tunkiyar ta yi ƙiba, gashinta na sheƙi, mu kuma muna alfahari da tuwo fari sol. Wani ɓangare mai yawa na abin da hanjin Baba ke nema a kwanon tunkiyar yake tafiya. To ina ga wanda ya bar tuwon ma gaba ɗaya ya koma farar shinkafa da taliya da burodi da shayi mai sukari, waɗanda kusan babu faiba a cikinsu? Rashin zagawa na kwana uku da kika ambata ya dace da wannan sauyi. A nan gaskiya tana wajenki, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Game da kwalbar, ra'ayina kada a saya. Irin waɗannan magunguna da ake kira furobayotik bakteriya ne masu rai da ake zubawa a kafso, kuma gwaje-gwajen da aka yi sun nuna wasu nau'o'insu suna iya ɗan rage yawan kamuwa da mura ta yau da kullum, amma ba a tabbatar da cewa suna hana mura sauka a ƙirjin tsoho ba. Yawancinsu ba sa zama a hanji, da an daina sha suke wucewa, kuma abu mai rai da ya kwana a shago da bayan mota cikin zafin ƙasarmu ba lallai ya iso da rai ba. Ko da ya iso da ransa, baƙon da aka saukar a gidan da ba a girki ba zai daɗe ba, tunda abincinsa faiba ne, Baba kuwa ba ya cin ta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne kafson kemis, duk da cewa ke kin ambace shi ne a wuce. Idan kafson nan maganin kashe bakteriya ne, kamar yadda na fi zato, to ki sani mura ƙwayar bairos ce ke kawo ta, kuma wannan magani ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Abin da yake samu ya kashe shi ne bakteriyan hanji masu amfani. A wani gwaji da aka wallafa a 2018 a ƙasar Denmak, an ba maza 12 masu lafiya haɗin irin waɗannan magunguna na kwana 4 kacal, kuma ko da yake hanjinsu ya farfaɗo sosai cikin wata ɗaya da rabi, bayan wata 6 akwai nau'o'in bakteriya 9 da ba su dawo ba a jikin mafi yawansu. Ga kuma illa ta biyu, wato shan na kwana biyu a bari ba bisa umarnin likita ba yana koya wa miyagun bakteriya jure wa maganin, ranar da ake buƙatarsa da gaske sai ya ƙi ci. Ban zargi maigidanki ba. Ɗa ne da ya ga mahaifinsa a gadon asibiti, yana tsoron maimaici, kemis kuma shi ne mafi kusa da hannunsa. Ki nuna masa wannan amsa, ki roƙe shi ya riƙa kai Baba wurin ma'aikacin lafiya kafin a sayi kowane kafso. Amma ki lura da kyau: idan likita ya duba ya ce murar ta rikiɗe ta zama namoniya, wato ciwon huhu, ya rubuta irin wannan magani, to a sha shi yadda ya ce har ya ƙare, domin a wannan hali shi ne ke ceton rai, maganar hanji kuma sai ta jira.

Yanzu ga inda nake ganin ke ma kin ɗan yi gajeren lissafi. Tsoho mai shekara fiye da 70 da mura ke kayar da shi shekara biyu a jere alhali kowa a gidan yana warkewa, akwai dalilin da ya kamata a nemo, kuma tuwo ba zai nemo shi ba. Tun yanzu da yake kan ƙafafunsa, a kai shi babban asibiti a auna masa sukari da hawan jini, a duba ko jininsa ya yi ƙasa, a saurari ƙirjinsa da zuciyarsa, a kuma tafi da takardun kwanciyarsa ta bara idan suna nan. Idan yana da tarin da ya kai mako biyu, ko yana ramewa, ko gumin dare, lallai a gwada majinarsa don tarin fuka, wanda gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware. A tambayi likitan ko akwai allurar rigakafi da ta dace da shekarunsa. Gwajin sukari yana da muhimmanci na musamman, saboda idan yana da ciwon ba a sani ba, shayi da burodin da ake lallashinsa da su suna ƙara masa rauni ne. Sannan ki sa a ranki cewa abinci garkuwa ce da ake ginawa a hankali cikin makonni da watanni, ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da kika ga numfashinsa ya yi sauri ko yana yi da ƙyar, ko yana jin ciwo a haƙarƙari, ko ya rikice yana sambatu, ko ya ƙi ci ya ƙi sha, ko zazzaɓin da ya sauka ya dawo da ƙarfi, wannan ba ranar miyar kuka ba ce, ranar neman mota ce ko da tsakar dare ne.

Mu dawo kan Inna. Ki gwada kallon lamarin da idonta. Mace ce da ta yi shekaru masu yawa tana tuƙa wa mijinta tuwo, wataƙila har da shekarun da tuwon ma bai wadata ba, yau ga ɗanta ya kai matsayin aiko wa mahaifinsa shinkafa da madara, kuma a wajenta buhun nan shaida ce cewa wahalarta ba ta faɗi ƙasa banza ba. A al'adarmu ma ai da abinci mai daɗi ake lallashin majinyaci. Da ta ji an ce a mayar da tsoho kan dawa, abin da ya shiga kunnenta shi ne a rage masa gata, kuma ta ji shi a bakin wani, ba tare da dalilin da ke bayansa ba. Kalmar mayarwa ita ta ɓata miki zance. Shawarata ki same ta ita kaɗai bayan sallar isha'i, ki durƙusa ki ce, Inna, ki yi haƙuri da maganar da ta zo miki, ba haka nake nufi ba, cikin Baba ne na ga yana ɗaurewa shi ya dame ni. Daga nan sai ki tambaye ta wace miya ya fi so tun yana da ƙarfinsa, kuma yadda take haɗa masa ita. Ita ta fi kowa sanin bakinsa, kuma abin da ta bayar da umarninsa da kanta ba za ta kira shi rowa ba. Ke da Baba akwai kunyar surukuta a tsakaninku, don haka duk wani sauyi ya fi kyau ya bi ta hannun Inna ko na maigidanki.

A tukunya kuma kada ki cire komai, ƙari za ki yi. Shinkafar da aka aiko a dafa ta da wake, a yanka mata zogale ko alayyafo ko kabewa. Taliya ma haka. Tuwon dare ya dawo ko sau uku ne a mako da farko, a sassauta surfen dawar ko geron, amma da sharaɗin hatsin ya zama tsabtatacce, an tsince shi an wanke, babu wanda ya yi fumfuna, domin gubar fumfuna ta fi rashin dusa illa. Miya a riƙa sauyawa tsakanin kuka da kuɓewa da karkashi da yakuwa, a sa daddawa, saboda kowane irin ganye da bakteriyan da yake ciyarwa. Idan haƙoransa sun yi rauni, alale da fate da ɗanwake mai laushi da dambun zogale za su fi masa sauƙi, aya kuma a jiƙa a markaɗa. Ki tafi a hankali da waken, ki jiƙa shi kafin dahuwa, ki fara da kaɗan, saboda cikin da ya saba da farin abinci yakan yi kumburi da iska a makon farko, kuma idan hakan ta faru da yawa za a ce abincinki ne bai karɓe shi ba. A yawaita masa ruwan sha, don faiba ba ta aiki a busasshen ciki, tsofaffi kuwa ba su cika jin ƙishirwa a lokacin sanyi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla giram 25 na faiba da giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a rana, amma ba sai kin nemi sikeli ba, ya isa ki tabbatar kowane kwanonsa akwai wake ko ganye a ciki, da lemo ko gwaba ko gwanda idan an samu ranar kasuwa. Kada kuma a manta da ƙwai da kifi da ɗan nama, domin tsoho yana buƙatar abin gina jiki.

Idan ana son bakteriya masu rai, ga kindirmo a kusa. Wani gwaji na Jami'ar Stanford a 2021, kan mutum 36 na tsawon mako 10, ya nuna waɗanda suka yawaita cin abincin da aka tsamar sun samu ƙarin nau'o'in bakteriya a hanji da raguwar alamomin kumburi a jini. Sharaɗin shi ne a tafasa madarar kafin a tsamar da ita, saboda ɗanyar madarar shanu tana iya ɗaukar tarin fuka na shanu da wasu cututtuka, kuma a kula da ruwan da ake damawa da shi. Koko da daddawa suna da amfaninsu, sai dai wuta tana kashe mafi yawan bakteriyan da ke cikinsu. A rage sukarin fura har sakamakon gwaji ya fito.

Ki kuma leƙa ɗakin Baba da dare. Kaskon garwashi a ɗaki rufe, ko hayaƙin murhu da ke shiga inda yake kwana, yana cutar da huhu kai tsaye, wani lokaci ma yakan yi kisa cikin barci. Gara a ƙara masa bargo. Ranar da hazo ya yi kauri, Baba ya rufe hanci da baki da rawani, jikokin da ke mura kuma a ɗan janye su daga shimfiɗarsa, a wanke musu hannu da sabulu kafin su sa a kwanonsa.

Shi kuwa ƙanin mijinki, yayansa ne ya kamata ya kira shi, ba ke ba. Ya gode masa, ya gaya masa cewa maganar hanjin da ya kawo ita ce ta farkar da gidan, sannan ya nemi a juya kuɗin nan zuwa motar asibiti da gwaje-gwaje, abin da ya rage a sayi tiyar wake da busasshen kifi da ƙwai, a kuma yi ciniki da mai nonon da kuka yarda da tsabtarta. Idan ya nace sai an sayi kwalbar, kada ki ja da shi, kuɗinsa ne kuma mahaifinsa ne. A dai duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinta, a nuna wa likitan da zai duba Baba kafin ya fara sha, kuma kada a bari ta cinye kuɗin gwaji. Idan kuma Inna ba ta sauko ba a karon farko, ki ci gaba da gaishe ta kamar ba a yi komai ba, ki roƙi maigidanki ya sa likita ya faɗi maganar abincin da bakinsa a gaban wanda ya raka Baba, ko ma a tafi da ita Innar, domin abin da aka ce likita ne ya faɗa ba a cika yi masa gardama a gida ba. Ki sake rubuto mini bayan an karɓo sakamakon gwajin sukarin da na majinar, sai mu duba abin da za a gyara a kwanon Baba kafin iskar hunturu ta kaɗa.